Mai Gadin Rumbun Baba Gwadabe

Ranar Laraba aka haifi Nomau, ana yayyafi. Ubansa Baba Gwadabe maharbi ne, gwiwa ta zaunar da shi. Su uku ne a gidan, da Inna Kande. Gona ɗaya, rumbu ɗaya; in ya ƙare kafin damina, sai yunwa. Nomau ƙato ne mai biyayya. Abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari.

Wata rana kurege ya dame su a gyaɗa. Baba ya ce, "Je ka rufe ƙofar gidansa." Nomau ya ciro ƙyauren ɗakin Inna, ya kifa a bakin ramin, ya zauna a kai. Kurege ya fita ta wani rami, ya ci ya ƙoshi. Inna ta kwana awaki na leƙa ta.

Wata rana tsuntsayen janbaki suka sauka a gero. Baba ya ce, "Kore su, ka raka su har gidan ubansu!" Nomau ya bi su da gwangwani, ya haye rafi, sai magariba ya dawo, taɓo har ƙugu.

"Baba, na kai su. A ciyawar fadama suke kwana."

"Gonar fa?"

"Wasu sun zo a bayana."

Rabin gero ya tafi. Abin da ya saura aka zuba a rumbu.

Wata rana ɓeraye suka cika gari, kowane rumbu sai ƙaiƙayi ke zuba. Baba ya duba nasa, ya yi tsaki. Ya ce, "Sai dai a samo mai gadin da ba ya barcin dare, ba ya cin hatsi." Nomau ya tashi. Ya hau tsohuwar kuka, ya ɗebo 'ya'yan mujiya daga kogo, ya sa su ƙarƙashin jinkar rumbu. Da yamma uwar ta biyo kukansu.

Inna ta ɗora hannu a ka. "Tsuntsuwar mutuwa a gidana? Nomau, ka kashe ni!"

Maƙwabcinsu Barau ya daina sallama. Baba dai ya ce, "A bar ta."

Kullum da safe ana share ƙasusuwan ɓera a gindin rumbun. Da bazara ta yi, gari na cin tafasa, su suna tuwo. Sai ga Barau da ƙwarya, yana sunkuyar da kai. Baba ya cika masa, ya nuna Nomau da sanda.

"Ɗana ne ya ɗauki mai gadin."

Washegari da safe Nomau ya leƙa jinka, ya tarar mai gadi na barci. Ya ɗauko kulki ya zauna a gindin rumbu, kada wani ya tashe ta.