Ofishin Mai Tebur Biyu

Wani ne ya yi shekara talatin da biyar yana aiki a sashen fayil. Duk tsawon shekarun nan aikinsa bai wuce ya karɓi takarda, ya buga mata hatimi, ya tura ta teburin gaba ba. Da ya yi ritaya sai ya dawo gida ya addabi kowa. Da safe ya leƙa kicin ya tambayi dalilin da ya sa ba a rubuta ranar da aka buɗe gwangwanin madara ba. Da yamma ya hana jikoki kallon talabijin sai sun kawo buƙatarsu a rubuce. Matarsa, wadda tela ce, ta gaji har wuya.

'Yarsu ce ta kawo mafita. Ta buɗe masa shafi a wata manhajar waya inda mutane ke neman mai rubuta musu wasiƙun ofis. Ta ce tsofaffi da yawa abin da suke yi ke nan yanzu, kowa daga ɗakinsa, lokacin da ya ga dama.

"Baba, kai ne ma'aikacin, kai ne ogan. Ba mai ba ka umarni sai kai."

Bawan Allah da bai taɓa zama oga ba ko na kwana ɗaya, sai da ya sa ta maimaita. Nan take ya nemi ƙaramin ɗakin da matar ke ɗinki a ciki. Ta yarda, amma da sharaɗi: wata guda. In bai kammala ko aiki ɗaya ba, ɗaki ya dawo hannunta, shi kuma ya zama mai saka mata maɓalli.

Ya shigo da tebur biyu. Babba da kujera mai juyawa, na oga. Ƙarami da benci, na ma'aikaci. A bakin ƙofa ya ajiye littafin sa hannu.

Ranar farko neman tabarau ya makarar da shi, ya sa hannu ƙarfe takwas da minti ashirin. Ya wuce babban tebur, ya duba littafin, ya ɓata rai, ya rubuta takardar tuhuma. Ya koma benci ya karanta. Wuni guda ya yi yana rubuta amsa. Oga ya dawo da ita, wai babu lambar fayil.

Ranar Litinin aiki ya shigo. Wata mai gidan burodi ce ke son wasiƙar sabunta lasisi kafin Alhamis. Aikin minti goma. Ma'aikaci ya buɗe mata fayil ya kai wa oga, oga ya rubuta "a yi nazari" ya mayar. Haka fayil ya yi ta kai da komo tsakanin tebura biyun da ko taku uku babu a tsakaninsu.

Ranar Laraba ta bugo waya. Daga kan benci ya ba ta haƙuri, ya ce takardarta tana teburin oga. Ta ce a haɗa ta da ogan. Ya ce ta ɗan riƙe. Ya tashi, ya gyara riga, ya zauna a kujera mai juyawa, ya bar ta tana jira minti biyar don ta san da babba za ta yi magana. Sannan ya ƙara wa murya kauri.

"Ki yi haƙuri, ma'aikatan yanzu ne sai addu'a. Zan bi kadi."

"Malam, ba da kai na yi magana yanzun nan ba?"

"Ki rubuto ƙorafinki."

Ranar Alhamis ma'aikaci ya nemi hutun rashin lafiya, oga ya amince. Mai burodi ta ba shi tauraro ɗaya a manhajar, ta rubuta cewa da akwai rabi da shi za ta ba shi. Mutum huɗu da suka biyo bayanta ma haka suka ƙare. Wata ya zo ƙarshe, saura kwana biyu. Matar ta shigo da tef a wuya, ta auna bangon da za ta jingina keken ɗinki ta fita.

Nan hankalinsa ya tashi da gaske. Oga ya kafa kwamitin bincike na mutum ɗaya. Kwamiti ya zauna wuni cur, har da hutun shan shayi, ya gano cewa ma'aikacin nan ya rage shekara huɗu a takardar haihuwarsa tun a tsohon wurin aikinsa. Ma'aikaci ya roƙa, ya ce yana da iyali. Oga ya ce doka doka ce, ya kore shi.

Ranar ƙarshe 'yar ta shigo da sauri, waya a hannu. Ta ce ga wani aiki ya shigo, wasiƙa ce layi biyu, in ya rubuta yanzu ɗaki ya tsira. Ta same shi a babban tebur ya yi tagumi, benci wayam. Ya ce ai ba mai rubutawa, babu ma'aikaci. An tallata gurbin, kuma shi kansa ya nema, ga takardarsa can a cikin tire tun safe. Daga waje ana jin matar tana jawo keken ɗinki, ƙiii, har ta iso bakin ƙofa.

"To Baba, ka ɗauki kanka mana! Ba kai ne ogan ba?"

Ya ɗago takardar, ya juya ta gaba da baya, ya mayar cikin tire yana girgiza kai.

"Ke a ina kika taɓa ganin an ɗauki mutum aiki bai san kowa a sama ba?"