Yadda Za Ka Koyar da Darasin "If" Alhali Ba Ka San Shi Ba

In ka bi matakan nan, na yi maka alkawari za ka cinye minti arba'in a gaban aji ba wanda ya gano Turancinka bai wuce na jikin kwalin magani ba. Daga abokin aikina Mai-Usur, malamin wasanni, na samo su. Malamar Turanci ta tafi haihuwa, shugaban makaranta ya danƙa masa ajinta, sai ga sufeton makarantu ya shigo ya zauna a kujerar baya. Mai-Usur kuwa yana watan ƙarshe na gwajin aiki. Rahoton sufeton nan ne zai sa a riƙe shi ko a sallame shi, ga mata da 'ya'ya uku a gida.

Mataki na 1: Goge allo

Kada ka bari kowa ya taya ka. Goge shi lungu-lungu, har inda ba a yi rubutu ba. Sannan ka rubuta IF da manyan baƙaƙe, ka ja layi biyu a ƙasa, ka ja da baya kana gyaɗa kai. Minti shida sun tafi.

Mataki na 2: Kira suna

Masana sun tabbatar ilimi ba ya shiga kan wanda ba a kira sunansa ba. Wanda bai zo ba, ka tambayi lafiyarsa da ta iyayensa.

Mataki na 3: Mayar da tambaya inda ta fito

Kowane aji yana da yarinya guda a layin gaba wadda hannunta ba ya sauka. Ta wannan ajin Lauya ake ce mata. Ta miƙe ta ce, "Malam, mene ne bambancin If kashi na biyu da na uku?"

Mai-Usur bai ma san abin kashi-kashi ne ba. Amma ya dake. "Madalla da tambaya! To ke a naki ganin fa?"

Ta ce na biyu na abin da ake mafarkinsa ne, na uku kuwa na abin da ya riga ya wuce, sai cizon yatsa.

Ka ce, "Kin kusa." Malamin ƙwarai ba ya saurin cewa daidai ne. Sai ka miƙa mata alli.

Mataki na 4: Ba da misali daga zuciyarka

Za su nemi misali. Faɗi da Hausa, su mayar Turanci. Mai-Usur ya saci kallon sufeto yana ta rubutu, tsoro ya kama shi sosai, ya ce, "Da na ji maganar mahaifina, da yanzu ina shagon kafinta hankalina kwance."

Yara suka duƙufa. Duk darasin, nan kaɗai Mai-Usur ya faɗi gaskiya.

Mataki na 5: Koma ga abin da ka iya

Raba ajin gida biyu kamar a filin ƙwallo, kowane ɓangare ya jefo jimla, kai ne alƙalin wasa. Ta yaya za ka gane daidai? Dubi fuskar Lauya. In ta yamutsa, ba ci. In ta saki, ka daka tsawa, "Ya shiga!" Kafin ka ankara an kaɗa ƙararrawa.

Mataki na 6: Karɓi rabonka

A ofis sufeto ya riƙe hannun Mai-Usur ya ƙi saki. "Malam, shekara ashirin ina zagaya makarantu, ban ga mai barin ɗalibai su haƙo ilimi da kansu kamarka ba."

Shugaba ya washe baki. "Ashe ɓoye mana kake yi! Aiki ya tabbata. Wasanni kuma ka bar su, azuzuwan Turanci shida duk naka ne. Ranar Litinin sauran malamai za su zo su zauna su ga yadda ake yi."

"Ranka ya daɗe, ai ni..."

"Bar tawali'un nan haka, Malam."

Gargaɗi

Alkawarina na minti arba'in ne, kuma na cika. Abin da ya biyo baya, babu hannuna babu ƙafata, kada wanda ya zo mini da kuka. Yau Litinin, malamai tara sun jera kujeru a bayan aji, Mai-Usur yana tsaye a bakin ƙofa tun ƙarfe bakwai. Yanzun nan aka aiko cewa Lauya tana gida da zazzaɓi.