Atamfar Hajiya Tana Wurin Tela

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗan Bilkisu ba, kuma ko na so in manta, matan layinmu na Agege sun ɗauki nauyin tuna mini.

Ni malamar lissafi ce a wata sakandare ta wajen Ikeja. A wani dogon hutu na kamu da son ɗinkin bargon ƙyallaye, wanda Turawa ke kira kwilt. A waya na gan shi, na ce ai wannan lissafi ne aka yi da zare. Hawa uku ne: fuska, wadda ake harhaɗawa da ƙananan ƙyallaye, auduga a tsakiya, sai shafi a baya. A wanke kowane yadi kafin a yanka, don kada ya zuba ko ya tsuke daga baya. A bar rubu'in inci a bakin kowane ɗinki, a goge shi da dutsen guga kafin a yi na gaba. Duk na haddace, har ina yi wa mijina bita a kan abinci. (Ya tambaye ni me za a yi da bargo a garin da ake kwana da fanka. Na ce masa fasaha ba ta tambayar yanayi.)

Abin da ya rage shi ne ƙyallaye, kuma nan ne Shaiɗan ya nuna mini akwatina na ƙarƙashin gado.

Wannan akwatin maƙabarta ce ta atamfofin da aka ba ni kyauta ban so ba. Babbarsu ita ce wadda surukata, Hajiya, ta kawo mini tsarabar Kwatano shekara biyu kafin nan: ruwan lemo da shunayya, an bi ta da zanen fanka manya-manya, kowace da wayarta. Na karɓa da hannu biyu, na durƙusa na yi godiya, na kai ta akwati. Duk lokacin da Hajiya ta ce, "Malama, ina atamfar nan?" sai in ce, "Tana wurin tela, Hajiya." Shekara biyu Hajiya na tsine wa telan da ba a haifa ba. Sau ɗaya har ta ɗauko mayafi ta ce mu hau keke mu je ta ga idonsa, na ce ya tafi gida ganin mahaifiyarsa ba lafiya. Ta yi wa mahaifiyar addu'a.

Da Bilkisu, ƙanwar mijina, ta kusa haihuwa, na ƙudura zan yi wa jaririn shimfiɗar da ba a taɓa gani ba a Agege. Na zaɓi tsarin da ake sa ɗan murabba'i a tsakiya, a riƙa kewaye shi da siraran ƙyallaye, masu haske a gefe guda, masu duhu a ɗaya gefen. Ƙa'idar ta ce murabba'in tsakiya ya zama mafi ɗaukar ido. To me ya fi fankar Hajiya ɗaukar ido a duk jihar Legas? Na sa almakashi. Na yi wa kaina hujja irin ta masu ilimi: inci uku ne kacal, wa zai gane yadi shida daga inci uku? Na kewaye ta da koriyar da Anti Rabi, yayar mijina, ta ba ni da Sallah, da wata mai ruwan ƙasa ta Iya Basira maƙwabciyarmu. Gida goma sha biyu na haɗa, kowanne da fanka a cibiyarsa.

Gaskiya ya yi kyau. Wannan ne ya cuce ni. Da ya yi muni da na ɓoye shi.

Ranar suna an kafa rumfa an tare rabin layi, mata sun cika, ana ta zuba shinkafa. Mai hankali da ta miƙa kyautarta a leda ta nemi kujera. Ni kuwa sai da na jira jirgin ƙasa ya gama wucewa don a ji ni da kyau, sannan na warware bargon a gaban Hajiya da ƙawayenta, na fara darasi. Na nuna yadda kusurwoyi suka haɗu ba tazara. Na bayyana cewa daga tsakiya ake fara ɗinke hawa ukun a yi waje, don kada auduga ta tattare. Na juya shi na nuna kalmasar baki, da hannu na yi ta. Aka yi ta "Masha Allah". Iya Basira ta yi mini sannu da aiki da Yarbanci: "Eku ishe, Malama!" Kaina ya yi girman rumfar.

Sai Anti Rabi ta matso, ta sa yatsa a kan wani siririn kore.

"Malama, wannan ba ita ce wadda kika ce kina ajiye wa babban biki ba?"

Na ce, "Kama ce, Anti. Kamfani ai ba guda ɗaya yake bugawa ba."

Iya Basira ta sunkuya ita ma. "Ah-ah. Wannan kuma tawa ce, abi? Kin ce ɓera ya ci."

"Ya ci wani wajen," in ji ni. (Digiri gare ni, jama'a.)

Sai Hajiya ta gyara zama. Ta ciro tabarau daga jaka, ta goge shi da bakin mayafi, ta sa. Ta jawo bargon kan cinyarta, ta bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya da yatsa, kamar mai duba jarrabawa. Har mai rabon shinkafa ta tsaya da cokali a sama. Ni kuwa ina tsaye riƙe da kusurwa guda, ina lissafin taku nawa ne daga nan zuwa tashar danfo, motocin haya na Legas.

Hajiya ta ɗago ta ce, "Malama, ashe telan ya dawo."

"Ya dawo, Hajiya."

"Ya jikin mahaifiyar tasa?"

Ban san wadda ta fara dariya ba, amma na san Anti Rabi ce ta faɗo daga kujera. Bilkisu ta leƙo ta taga da jariri a hannu tana tambayar me ya faru, aka rasa mai numfashin ba ta amsa. Na durƙusa a wurin, a kan kwalta, na ce, "Hajiya, ki yafe mini. Babu tela."

"Na sani," ta ce. "Tun wata na uku na sani. Ina so ne in ga iyakar tafiyarsa." Ta sake shafa bargon. "Amma ɗinkin ya yi. Tashi, kina ɓata zanenki."

Na ɗauka an gama. Bayan kwana huɗu na dawo daga makaranta na tarar da ƙatuwar jaka a falo, mijina na zaune kusa da ita yana kallon silin. Ya ce Hajiya ce ta aiko, wai a yi mata irin na jaririn, amma na babban gado. Na zuge jakar. Atamfofi bakwai ne, sababbi fil, ko takardar jikinsu ba a ɓare ba. Na gane su tun kafin in ɗaga ta farko. Ni na saya mata su, Sallah bakwai a jere, kowacce sai da na zagaye kasuwa kafin in zaɓa, kuma kowacce Hajiya ta karɓa ta ce, "Kai, Malama, kin san abin da nake so."

Wata biyu na yi ina yanka zaɓina da hannuna. A nan na lura, da idon mai haɗa launi, cewa ɗaya daga cikinsu zanen tukunyar gas ne a jikinta.

Abin da na koya ga masu sha'awar wannan ɗinki: a wanke yadi kafin a yanka, haka ne, amma a fara tuna wanda ya bayar da shi, da kuma ko zai zo sunan. Macen Agege tana gane atamfarta daga inci ɗaya, ba ma uku ba. Yanzu turare nake kai wa Hajiya da Sallah. Tana cewa na san abin da take so, ni kuma ba na tambayar inda take kai shi.