Ɗan Fari a Cikin Gilashi

"Lafiya lau, ya mutanen Nguru? Shigo mana, maigidan da ba ya cefane. Wace masifa ce kuma ka rungumo?"

Iya Meram ke nan take tarbar jikanta Alamin a gidanta na Gashuwa, shi kuwa ga kwali a hammata, ga doguwar sandar ƙarfe a kafaɗa. Ta san abin da ya kawo shi. Babansa, Babakura, ɗanta na fari, yana kwance a asibiti a Misira, gobe za a yi masa aikin ƙoda. Shi ya ce a sa intanet a gidan, ya ga fuskar mahaifiyarsa kafin a shiga da shi. Ita kuwa mutuniyar da ce. Tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, balle ta dube shi ido cikin ido.

"Intanet ce, amarya. Lefenki na kawo."

"Lefe mai wutsiya? Fitar min da ita. An ce tsawa take kira."

"Tsawar da ta san halin bakinki ai ba ta biyowa ta unguwar nan."

Ya jingina tsani ya hau rufin kwano don ya kafa sandar. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, kwanon yana ƙara ƙarƙashin ƙafarsa. Iya ta dafe ƙirji tana salati a ɓoye, a fili kuwa sai ta ɗaga murya.

"Sauko, ƙashin kifi! Iska ta ɗauke ka sai can garin Dagona za a tsinto ka. Ni ba zan yi maka takaba ba!"

"Wa zai aure ki bayana? Haƙoranki ma sun riga ni guduwa."

Da ya sauko ya ciro farin akwatin intanet daga kwalin ya jona shi da batirin sola, sai wata 'yar koriyar fitila ta fara ƙiftawa. Iya ta ja mayafi ta koma bakin ƙofa.

"Ga ta nan tana kashe min ido! Wannan in na cire ɗankwali har mutanen Misira sai sun gani."

"Su ga me? Furfura huɗu da sanƙo?"

Ta buɗe baki za ta rama, sai ta ga ya ciro babbar waya yana dannawa. Ta kau da kai. Ba tsawa take tsoro ba, ba kuma fitila ba. Muryar ɗanta a ƙaramar waya tana iya jurewa, don murya ba ta nuna rama. Tsoronta ta ga yadda ciwo ya cinye shi, ta kasa riƙe kanta a gaban yaro, ko kuma wannan gani ya zama na ƙarshe.

"Ka gaishe shi kawai," ta ce a hankali. "Ka ce ina ɗaki."

"Au, jarumar da ta ce ta taɓa korar kada da muciya?"

"Kada ba ni na haife shi ba."

Alamin ya danna kiran babansa. Wayar ta yi ƙara, ta sake yi, sai ga murya a raunane: "Salamu alaikum. Iya tana kusa?"

Ta juya wa wayar baya, ta zauna a kan tabarma tana fuskantar bango.

"Baba, ga ƙeyar matata nan," in ji Alamin. "Ta ce tana kunyar surukinta."

Babakura ya yi dariya, dariyar ta koma tari mai tsawo. Tarin nan ne ya juyo da ita ba shiri. Ta gan shi, kumatu sun zurma, gemu ya yi fari fat. Ta daɗe tana kallo, irin kallon da ta hana kanta tun yana cikin zanin goyo. Sannan ta share ido da gefen mayafi, ta dubi jikanta.

"Kai, ka faɗa wa wancan ya rame. Ka ce ya ci abinci. Ka ce na yafe masa duniya da lahira, ya shiga da bismilla, ina nan kan sallaya har a fito da shi."

"Yana jin ki fa, Iya."

"Da kai nake magana, marar kunya!"

Can cikin gilashin wayar Babakura ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa na motsi. Alamin ya gyara murya.

"To, tunda an gama, bari in kwance masifar in mayar Nguru."

Iya ta cafke wayar da hannu biyu, ta yi dariya da hawaye shaɓe-shaɓe.

"Taɓa ta ka gani! Ka ci ni yau, angon banza. Shiga ɗaki, akwai bandar kifi a kwando, kwashe duka. Amma ka nuna min inda ake dannawa gobe."