Yadda Shehu Ya Tashi Rufe wa Jirgin Ƙasa Baki

"Ni fa in na ga dama, tsawa ma sai ta koma yin raɗa."

Shehu ke nan a teburin mai shayi a Gyadi-Gyadi, yana nuna sama da cokali. In ba ka san shi ba, bari in gaya maka. Gyaran rediyo ya fara koya bai gama ba, ya koma ba da hayar lasifika a gidajen biki, rana ɗaya ya sayi hular kwano rawaya ya naɗa wa kansa Injiniya. Ko ɗaurin aure da tef ɗin awo yake zuwa.

Ana nan sai Hajiya Uwani ta gina sababbin gidajen haya a gefen Tarauni, bayansu layin dogo. Gidaje ne na gani na faɗa, amma in jirgi ya zo wucewa har kwanuka rawa suke a kan kanta. Madam Yetunde, tela mai goyo da ta kama gidan farko, ta ce jaririnta ya daina barci, tashi za ta yi. Sauran 'yan haya suka ce ƙafarta ƙafarsu. Hajiya ta rasa abin yi, aka haɗa ta da Shehu.

Gogan ya zo, ya manna kunne a bango, ya ƙwanƙwasa, ya girgiza kai.

"Hajiya, bangon nan kunne gare shi. Toshe shi za mu yi."

Ya tattaro kwalayen ƙwai daga wajen masu shayin unguwa kaf, ya liƙe bangon ciki da waje. Ashe akwai guntun fasasshen ƙwai a jiki. Kafin a ce me, kyankyasai sun tare da iyalansu, awakin maƙwabta kuma suka cinye na waje iya inda bakinsu ya kai. Jirgi ya wuce, kwanuka suka yi rawarsu.

"Injiniya, ai ƙarar tana nan," in ji Hajiya.

"Ta ragu, Hajiya. Kunnenki ne bai samu labari ba tukuna."

Sai ya kawo tsofaffin katifu ya jingina su a tagogi. Ɗakuna suka yi duhu, zafi ya taru kamar gidan burodi, kuɗin cizon da ke cikin katifun suka fito gaishe da 'yan haya. Madam Yetunde ta tare shi tana susa.

"Malam Shehu, da jirgi kaɗai ke tashinmu. Yanzu kun zama ku uku: jirgi, ƙwari da kai."

"Madam, haƙuri. Kimiyya ba ta son gaggawa."

Daga nan ya ce ya gano sirrin: ƙara ce ke kashe ƙara. Ya naɗi kukan jirgin a waya, ya ɗaure manyan lasifikansa a saman katanga, wai in jirgi ya taho ya saki nasa, su yi karo a iska su mutu tare. Jirgi ya taho, Shehu ya saki. Unguwa ta ji jirage biyu. Na gaskiya ya yi gaba abinsa, na Shehu ya ƙi tsayawa domin maɓallin ya maƙale. Masu adaidaita sahu suka yi layi a mararraba suna jiran jirgin da ba ya zuwa, wani dattijo ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin jirgi mai tsawon wannan ba, da ido ma ba a ganinsa.

Hajiya ta ce ya tattara ya tafi. Shehu ya ce a ba shi dama ta ƙarshe a ɗakin ajiya da ke bayan gida. Ya toshe tagar da bulo, ya cusa soso a kowace kafa, ya shafe bakin ƙofa da gam mai kauri, sannan ya tara mutane.

"Zan shiga in rufe. Ko duniya za ta tashi ba zan ji ba."

Ya shiga ya ja ƙofa. Gam ya kama.

Mutane suka ɗan jira, suka ga shiru, kowa ya kama gabansa. Injiniya kuwa yana ciki yana dukan ƙofa, yana kiran Hajiya, yana kiran Madam, har awakin ya kira. Ko tari ba a ji ba. Jirgi ya zo wucewa, shi kuma ya ji shi tsaf, ta ƙasa ya shigo masa, har hular kwanon na kaɗawa.

Sai bayan la'asar Madam Yetunde ta je ɗaukar bokiti, ƙofa ta ƙi buɗuwa, aka kira kafinta ya ɓalle ta. Shehu ya rarrafo jiƙe da gumi, muryar ta dushe, bakinsa na motsi ba abin da ke fita.

Hajiya ta dube shi ta gyara mayafi.

"To alhamdu lillahi, Madam, aiki ya fara kyau. Cikin masu damunmu an kashe ƙarar babban. Saura jirgin."