Maki Ɗari da Tamanin

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da ruwan dam ɗin Kainji ya tashe mu daga tsibirinmu, aka maido mu sabon gari kusa da Wara. Ina aji biyar lokacin, kuma karatu bai taɓa zama abokina ba. Baba ya riga ya yanke hukunci: in na sake faɗuwa, boko ya ƙare, in ɗauki filafili in bi shi kamun kifi. Ni kuwa akuya ma ta fi ni son ruwa.

Ranar da aka ba mu sakamako na duba ƙasan katina, na ga 180. Kullum malaminmu cewa yake ɗari ne ƙarshen maki. To ga ni na wuce ƙarshen har da tamanin! (Jar tawadar da ta cika katin kuwa, na ɗauka ado ne.) Da gudu na isa gida.

Inna ta rangaɗa guɗa, ta sa aka yanka zakaran da take ji da shi. Baba ya ja ni bakin ruwa inda masunta ke gyaran taru, yana ta nuna ni. Har hannu nake sawa a aljihu. Ana cikin haka sai ga hedimasta ya zo sayen kifi.

Baba ya ce, "Malam, ka ga yaron naka? Ɗari da tamanin yac ci!"

Hedimasta ya karɓi katin, ya duba, ya ce, "Wagga jimla ta. Darasi shidda na, sai an raba ta gida shidda."

Ba a koya wa masunci rabo, kullum cikin kasa kifi yake. Kafin hedimasta ya rufe baki wani tsoho ya ce, "Talatin-talatin ke nan."

"Da nawa aka wucewa?" in ji Baba.

"Arba'in."

Wurin ya kaure da dariya. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige, kuma kunyar da na ja wa Baba ta fi tawa ciwo. Da kyar hedimasta ya roƙar min zango ɗaya. Baba ya yarda, amma hutun nan kaf a jirgi na yi shi, ina kwalfar ruwa ina salati.

Tun daga ranar, kowace lamba aka nuna min, komai girmanta, sai na tambayi gida nawa za a raba ta kafin in buɗe baki.