Cindo da Littafin Iyakokin Gonaki

Ya kai mai karatu mai daraja, wanda Allah Ya hore wa basira da haƙurin sauraron dattawa, ka sani ni ne Dagacin Tudun Kaɗe, tsohon hedimasta, wanda ya yi makaranta tun ana tsoma alƙalami a tawada. Gyara zama in ba ka labarin ɗan aikena Cindo, mai mata ɗaya, jaki ɗaya, da zuciyar da ba ta san kwana-kwana ba.

A hannuna littafin iyakokin gonaki yake. Jikata Zulai, mai kula da rumbun bayanai na intanet a birni, ta bayyana mana tsarinsu: na'ura ɗaya ke rubutu, biyu na kwafa nan take a wurare dabam, kullum ana tambayar babbar ko tana raye, in ta yi shiru ƙarama ta gaje ta. Na yi umarni a ajiye kwafi wurin Liman, wani a ƙetaren gulbi. Na ce, "Cindo, yadda ta faɗa, haka za ka yi."

Wata rana ya soma leƙowa zaure bini-bini, ko ina shari'a ko ina cin tuwo: "Ranka ya daɗe, kana raye?"

Wata rana na yi ƙailula, ya tambaya sau uku, shiru. Na farka na tarar da Liman bisa buzuna, alƙalamina a hannunsa, yana gumi. "Wallahi, Dagaci, Cindo ne ya janyo ni, wai in gaje ka!"

Wata rana wani manomi, Jatau, ya faki idona ya buɗe littafin, ya kankare iyakar gonar Iya Tabawa, mai riƙon marayu huɗu, ya haɗe rabinta da tasa. Cindo ya ga sabon rubutu, ya ruga ya kwafe shi cikin sauran biyun. Littafi uku suka zama shaidun Jatau. Iya Tabawa ta durƙusa: "Dagaci, da me zan ciyar da su?"

Na daka wa Cindo tsawa. Ya sosa ƙeya.

"To, a tono na jiya mana. Ai Zulai ta ce su ba sa zubar da na jiya."

Ashe kowace yamma yakan kwafe littafin kaf, ya toshe a tulu, ya binne a bayan ɗakinsa, har matarsa ta koma ɗebo ruwa da ƙwarya. Aka tono na jiya, ga iyaka daram a gindin tsamiya inda marigayi mijin Iya Tabawa ya bar ta. Na shekara talatin ina koyarwa, ban yaye ɗalibi mai riƙon umarni kamarsa ba.

Na ci Jatau tara: rago ɗaya ga Iya Tabawa, tulu goma sha bakwai ga matar Cindo.